Bangon Gwaggo Ya Yi Gumi

Gwaggo ta ɗaga sandar goge ɗaki ta daki silin, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ɓawon fenti ya zubo mata a kan ɗankwali.

"Ke Ta Sama! Sauko ki ga aikinki! Yau dai ga wanda ya san gini ya zo, ƙarya ta ƙare!"

Maginin da take magana a kai bai ma gama cire takalmi ba. Dattijo ne siriri, da fensir maƙale a bayan kunne da 'yar jakar kayan aiki a hammata. Ya sa ƙafa ɗaya cikin ɗakin, warin ya mare shi, ya ja baya ya yi atishawa sau biyu.

"Gwaggo, a nan kike kwana?"

"A'a, a kan titi nake kwana. Shigo mana, Malam, ai wari ba ya cizo."

Ya shiga. Bangon da ke bayan gado ya yi baƙi tun daga kusurwar sama har tsakiya, kamar an watsa masa ruwan toka. Bayan kabad kuwa ba a magana. Fumfuna ta fara ne da ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda, daga baya ta haɗe ta zama taswira. Takalman unguwar Gwaggo da ke ƙarƙashin gado sun tsiro farin gashi. In ta shiga motar haya, wanda ke kusa da ita sai ya juya kai waje yana neman iska, ita kuma ta harare shi ta ce turaren 'yan zamani ne ke hawa masa kai. Wata biyu ke nan tana tari, irin mai kama mutum tun da safe ya hana shi gama jimla. Ga mace irin Gwaggo kuwa, a hana ta gama jimla ya fi ciwon kansa ciwo.

Shekara talatin da ɗaya tana cikin ɗakin nan. Gidan haya ne mai bene, ɗaki goma sha biyu, nata ne a gindin matakala. Ba mai shiga, ba mai fita, sai ya bi ta gaban labulenta. Ta san wanda ya sayo sabuwar fanka, ta san wadda ta yi yaji ta dawo ba a je biko ba, ta san mai ɗora tukunyar ruwa a wuta don a ce ya yi girki.

To, jiya ɗanta Auta ya kai ta asibiti. Likita ya sa mata abin awo a ƙirji, ya tambaya ko akwai laima a inda take kwana. Kafin ta ce babu, Auta ya ce akwai. A hanyar dawowa ya yanke magana. Sau biyu yana sa a yi wa ɗakin fenti, baƙin yana dawowa. Gobe zai turo magini. In bututun ruwan ɗakin sama ne ke yoyo, a gyara, ta zauna. In ginin ne kansa ya sha ruwa, to shi da ƙarfe huɗu zai zo da motar kaya, ta koma gidansa.

Gidan Auta ba laifi, kada a yi masa ƙarya. Akwai tayil, akwai injin sanyi, matarsa ma mutuniyar kirki ce. Sai dai sabuwar unguwa ce, katanga ta fi mutum biyu tsawo, maƙwabta daga cikin mota suke ɗaga wa juna hannu. Gwaggo ta taɓa yin mako guda a can. A rana ta uku aka same ta tana ba wa kyanwar gidan labari. Saboda haka tun jiya addu'arta ɗaya ce: Allah Ya sa bututun Ta Sama ne.

Ta Sama ta sauko tana jan silifa, hannu a ƙugu. Matar direba ce, ƙatuwa, mai murya kamar ganga. A da su biyun ba a raba su, tare suke zuwa kasuwa, tare suke gulmar kasuwar. Yau shekara biyu ke nan gaisuwarsu ta koma ta hanci.

"Gwaggo, in kin fasa silin, ta ramin zan faɗo miki a kai, ki sani."

"Ruwan wankanki ya riga ki faɗowa. Mutum ya yi ta wanka kamar agwagwa, ga sakamako nan a bangona."

"Ai gara mai wanka."

Magini ya ɗaga hannu. "Ku yi haƙuri. Baiwar Allah, mu je in ga banɗakinki."

Suka hau. Gwaggo ta bi su tana tari tana riƙe ƙarfen matakala, don ba za a yi abu a bayan idonta ba. Magini ya durƙusa ya shafa bututu daga farko har ƙarshe. Ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba, ya sa kunne a bango. Ya ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya da gindin guduma. Gwaggo tana tsaye a ƙofa, ido ɗaya a kansa, ɗaya kuma yana ƙirga tukwanen Ta Sama.

Ya miƙe ya share hannu a wando. "Nan a bushe yake ƙayau. Ko ɗigo ba ya sauka."

"Ka sake dubawa."

"Na duba, Gwaggo."

"To ta goge ne kafin ka zo. Na san ta."

Ta Sama ta yi dariya har da tafi. Gwaggo kuwa ta juya ta bar ƙofar. Ta sauko a hankali, a kowace matakala tana jin kamar tana matsowa kusa da kyanwar Auta. Ta dubi agogon bango: sha ɗaya saura. Ta zauna a bakin gado ta ninke hannu. Ta Sama, wadda ta biyo su don ta ƙarasa dariyarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

Shi kuwa magini bai gama ba. Ya tsuguna ya kankare gindin bango da wuƙa, ya murza garin a yatsa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ƙasan a bushe yake. In da ginin ne ke shan ruwa daga ƙasa, daga nan zai fara ya hau. Naki daga sama ya fara, saman kuma ba yoyo." Ya je ya shafa gilashin taga, hannunsa ya fito a jiƙe. "Yaushe rabon da a buɗe tagar nan?"

"Sanyi," in ji Gwaggo.

"Sanyin me?" in ji Ta Sama daga ƙofa. "Don kada a ji ƙamshin nama ne a zo gaisuwa. A ciki take girki, taga a rufe, ƙofa a rufe, har da tsumma a ƙarƙashin ƙofar."

"Wa ya sa da ke?"

Magini ya ɗaga kai ya dubi igiyoyi biyu da aka ɗaura daga ƙusa zuwa ƙusa a tsakiyar ɗakin, zannuwa huɗu a jiƙe suna rataye, suna ɗiga cikin roba.

"Wannan fa? Ga igiyar shanya can a tsakar gida, rana har ta yi yawa."

"Ɓarayi, Malam. Gidan nan ba a shanya. Tambaye ta, ita aka fara yi wa. Tawul ɗinta sabo fil, aka ɗauke da rana tsaka."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Ta Sama, muryarta ta sauka. "Ruwan ɗorawa, mai hoton jirgin ruwa. Maigidana ya kawo min daga tafiya. Ko sau uku ban goge jiki da shi ba."

Magini ya zare zare ɗaya daga bakin rigarsa, ya ce Ta Sama ta shigo ta rufe ƙofa. Ya riƙe zaren a tsakiyar ɗaki. Zare ya tsaya cak kamar an zana shi.

"Kun gani? Ɗakin nan ba ya numfashi. Tururin girki, ruwan wanki, numfashinki na kwana, duk ba su da hanyar fita. Sai su kwanta a bango mai sanyi, bango ya yi gumi, fumfuna ta samu gona." Ya juya yana duban kusurwoyi. "Amma abin da ya ɗaure min kai, na ga kowane ɗaki a layin nan yana da kafar iska a sama, wadda ke fita wajen matakala. Ina taki?"

Idonsa ya tsaya a kan wata kalanda can sama da kabad, kusa da silin, inda ba mai iya karanta kwanan wata sai raƙumin dawa. Ta shekarar da ta wuce waccan ce, gefenta ya nannaɗe, an kafe ta da ƙusa huɗu.

Gwaggo ta yi maza ta kawar da kai.

Abin da ya faru shekara biyu baya shi ne wannan. Gwaggo in tana waya da ƙanwarta, ba ta yarda na'urar za ta kai muryar ba sai ta taimaka mata da ihu. Ran nan ta gaya wa ƙanwar cewa 'yan kunnen da Ta Sama ke yanga da su ba gwal ba ne, ruwan gwal ne, in gumi ya taɓa su kunnenta har kore yake yi. Washegari da safe Ta Sama ta tare ta a gindin famfo ta maimaita mata maganar kalma bayan kalma, har da inda ta tsaya ta yi dariya. Gwaggo ta koma ɗaki ta yi ta bincike, sai ta gano kafar iskar nan ce ke kai muryarta kan matakala tas, kamar lasifika. Tana cikin huci sai ga tawul ya faɗo daga barandar sama ya maƙale a ƙarfen tagarta. Ta janyo shi ciki. Ta ɗora kujera a kan tebur, ta hau, ta ninke tawul ta cusa a ramin, ta bi da kalanda.

Da aka fara cigiya, ita ce kan gaba wajen nema. Ita ta fara cewa ɓarayi sun yi yawa. Wanda ya ce akwai ɓarayi kuma ba zai fita ya yi shanya a waje ba, sai a gane shi. Haka ta ɗaura igiya a ɗaki. Gwaggo kuwa irin mutanen nan ce da in sun faɗi magana sau uku sai ta zama gaskiya a wurinsu. Kafin damina ta fita, ita kanta ta fara tsoron ɓarayin.

"Malam, bar kalandar nan," in ji ta da sauri. "Ta marigayi maigidana ce."

"Marigayin da ya shekara tara da rasuwa?" in ji Ta Sama. "Daga can ya aiko miki da ita?"

Magini ya riga ya taka tebur. Ya zare ƙusoshin da bakin guduma, kalanda ta faɗo. Ya zura hannu cikin ramin har gwiwar hannu, ya ja, ya sake ja. Wani dunƙulallen abu ya fito, baƙi ƙirin, yana zubar da ƙura da gawar kyankyasai. A take iska ta shigo, zannuwan da ke kan igiya suka motsa.

Ya sauko ya warware abin a ƙasa da ƙafa. A cikin ninkin, inda laima ba ta ci ba, ga launin ruwan ɗorawa, ga rabin jirgin ruwa.

Magini ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ce zai je ya sha ruwa, ya fice abinsa.

Ta Sama ta tsuguna ta ɗaga gefen tawul ɗin da yatsa biyu. "Gwaggo. Ke ce kika raka ni har ɗakin mai wanki muka zazzage masa jaka."

"Na raka ki."

"Ke ce kika ce da ke ce ni, ba za ki yarda ba."

"Na ce." Gwaggo ta yi tari, ta gyara ɗankwali. "To ke ma me ya kai kunnenki ramin mutane?"

Kafaɗun Ta Sama suka fara rawa. Gwaggo ta ɗauka kuka ne, ta fara shirin ba da haƙuri, abin da ba ta yi ba tun tana budurwa. Ashe dariya ce. Matar ta zube a ƙasa tana dukan cinya, hawaye na zuba.

"Wayyo cikina! Kin san matakala ta biyar? Nan nake zama kullum da yamma da tiren tsintar shinkafata. Duk labarin unguwar nan daga ramin nan nake samu, ba ko sisi. Rana ɗaya na ji ɗif. Na ce ko wayarki ce ta lalace. Shekara biyu, Gwaggo! Aka saki 'yar mai shago, sai bayan wata uku na ji, a bakin mijina kuma, wanda ba ya iya ba da labari!"

"Au, ba ki ji yadda aka yi ba? Ai ba sakin ne abin ji ba, abin da aka samu a jakarta ne…" Tari ya sarƙe ta.

"Riƙe labarin, kada ya zube," in ji Ta Sama, ta miƙe ta ɗaure zane. "Ƙarfe nawa yaron naki zai zo?"

"Huɗu."

"To tashi."

Magini ya dawo ya ba da umarni, su kuma suka yi kamar ba su ji ba, suka kuma bi duka. Aka ɓalle tagar da fenti ya liƙe, da ƙyar, sai da ya sa guduma. Aka fitar da katifa, kabad, akwatuna, takalma masu gashi, aka baje a rana. Ya hana Gwaggo taɓa bango saboda ƙirjinta, ya sa ta zauna a waje. Ta Sama ta ɗaure hanci da ƙyalle, ta sa safar roba, ta kama goge bango da ruwan bilic yadda ya auna mata, yana ta jaddada kada ta haɗa shi da wani maganin wanki. Matan gidan suka fito ɗaya bayan ɗaya, wai taimako, alhali kallon cikin akwatunan Gwaggo ya kawo su. Ita kuma tana kan kujera a tsakar gida kamar alƙali, tana nuna inda aka tsallake.

"Kusurwar can, Ta Sama. Ashe haka kike wanke-wanke?"

"Ki yi min shiru, ɓarauniyar tawul."

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Auta ya shigo da rigar ofis, ya ga kayan uwarsa kaf a waje, fuskarsa ta washe.

"Inna, har kin haɗa kaya? Wallahi na ɗauka sai mun yi rigima."

"Shan iska suke yi," in ji Gwaggo. "Ba inda za su."

Magini ya ja shi ciki ya nuna masa. Ginin lafiyarsa lau. Ya sake riƙe zaren nan, zare ya yi ta rawa. Ya ce a bar bango ya bushe mako biyu kafin a yi maganar fenti, a janye kabad daga jikinsa kamar faɗin tafin hannu, a yi girki taga a buɗe, tukunya a rufe, shanya kuma a waje. Katifar dai ta tafi, sai sabuwa.

"To me ya toshe ramin?" in ji Auta.

Gwaggo ta kama kallon farcenta.

"Tawul ɗina ne," in ji Ta Sama. "Iska ce ta kai shi."

Auta ya dubi ramin can kusa da silin. Ya dubi ramukan ƙusa huɗu da suka kewaye shi. Ya dubi tebur, ya dubi kujera, ya dubi uwarsa mai shekara saba'in da ɗoriya.

"Iskar nan," in ji shi a hankali, "in ta sake hawa kan tebur, ko bango ya bushe ko bai bushe ba, zan zo in ɗauke ta."

"Ta ji," in ji Gwaggo.

"Wata ɗaya, Inna. Mu koma wurin likita. In tarin bai ragu ba…"

"Zai ragu. Tun ɗazu sau nawa ka ji na yi?" Ta danne wanda ya taso mata, har idonta ya kawo ruwa.

Motar da ta zo ɗaukar Gwaggo ta tafi da tsohuwar katifa kawai, ta dawo da sabuwa a cikin leda. Gwaggo ta tsaya a ƙofar gida ta bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ta saki wani dogon numfashi, ta ji ya wuce ƙirjinta bai maƙale ba.

Rana ta yi sanyi, an mayar da kaya, ɗaki yana warin bilic, labule yana kaɗawa. Zannuwanta huɗu suna kan igiyar tsakar gida, takan leƙa su ta taga lokaci lokaci, don har yanzu ba ta gama yarda babu ɓarayin ba. Sai waya ta yi ƙara. Ƙanwarta ce.

"Ke! Kina ji na?" Gwaggo ta kwarara ihu. "Yau an yi abu a gidan nan, bari in…"

Ta tsaya. Daga can sama, ta ramin, ta ji jan silifa yana saukowa, ɗaya, biyu, uku, sannan wani nauyi ya zauna, sannan ƙarar tire a kan siminti.

Gwaggo ta dubi kafar iskar. Ta dubi kalandar da ke yashe a kwandon shara. Sai ta kama kujerarta ta janyo ta har ƙarƙashin ramin, ta zauna ta gyara zane.

"Yi haƙuri," ta ce wa ƙanwar, "matsowa na yi. Akwai wadda kunnenta ya fara nauyi, ruwan gwal ya toshe shi."

Murya ta sauko ta ramin, tas kamar a cikin ɗakin.

"Ina jin ki sarai. Fara daga jakar 'yar mai shago."